Jar Riga a Dutsen Bugafer

A shekarar 1935 marubucin Faransa Henry Bordeaux ya fitar da littafi a kan rayuwar Kaftin Henri de Bournazel, ɗan babban gida mai asali, haifaffen Limoges a 1898. Tun yana saurayi ya shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga bisani aka tura shi Maroko, inda ya yi suna a yaƙin Rif na 1925 saboda jar rigar da yake shiga fagen daga da ita. Har aka riƙa cewa harsashi ba ya kama shi. Ranar 28 ga Fabrairu 1933, a dutsen Bugafer, an ce umarni ya zo masa ya rufe jar rigar da jallabiya. Ranar ce kuwa ajali ya riske shi.

Bordeaux ya iya jan zaren labari, amma alƙalaminsa na maroƙi ne: asalin gwarzo, jarumtarsa, rigarsa. Mutanen Ait Atta da ke bisa dutsen ƙarƙashin Assu u Baslam, da matansu da ƴaƴansu, sun jure ruwan bama-bamai da ƙishirwa fiye da wata guda kafin sulhun watan Maris. Littafin bai ba su matsayin da ya wuce na abokan gaban da ake auna girman Kaftin da su ba.

Malamin da zai kai wa ɗalibansa wannan littafi ya dace ya tambaye su: dutsen na wa ne, kuma wa ya rubuta sunayen waɗanda suka faɗi suna kare shi?