Alƙali Priest: Adalci Ne Ko Sanayya?

'Yan makaranta, labarun da za mu duba wannan mako na wani mutumin Amurka ne, ana ce da shi Irvin S. Cobb. An haife shi a garin Paducah, cikin jihar Kentaki, a 1876, ya rasu a 1944. Ɗan jarida ne, amma abin da ya fid da sunansa shi ne labarun wani tsohon alƙalin karkara, wai shi Alƙali Priest. Na farinsu ya fito a 1911, aka tara waɗansu cikin littafi mai suna Back Home a 1912, sa'an nan Old Judge Priest ya biyo a 1916.

Wannan alƙali ƙato ne mai tumbi da 'yar siririyar murya, kullum da lofe a baka. In ya fita daga ɗakin shari'a sai ya riƙa magana kamar wanda bai taɓa shiga makaranta ba. Lauyoyin birni su kan raina shi, su ɗauka baƙauye ne, sai sun faɗa tarkonsa su farga. Nan Cobb ya yi gwaninta ƙwarai, don da wuya mutum ya karanta shafi goma bai ji tsohon nan ya shiga ransa ba.

Amma ku riƙe abu guda. Tun yana saurayi ya yi soja a Yaƙin Basasar Amurka, na 1861 zuwa 1865, a ɓangaren Kudu, watau ɓangaren da ya yi yaƙi don kada a hana bauta, aka kuwa ci su. Tsofaffin abokan yaƙinsa su ne danginsa na sosai, da su ya ke hira, da su ya ke shawara.

Ku dubi labarin farko, Words and Music. Ana tuhumar wani saurayi da kisan kai a wani gari na jihar Tenesi, inda shi baƙo ne. A can mutum goma sha biyu a ke zaɓa daga jama'ar gari su yanke ko mutum ya yi laifi. Alƙali Priest ya zo ba da shaida. Ya yi ta surutun tsufa har ya tuna musu ranar da mayaƙan Kudu suka kawo wa garin nan gudunmawa, uban saurayin yana cikinsu. Ashe tun da fari ya shirya da wani baƙar fata mai busa, ya tsaya a waje yana busa taken sojan nan na dā. Zukata suka karaya, aka sallami saurayin.

Labarin da daɗi, ba shakka. To, amma ku ajiye littafin ku yi tunani. Me ya fid da yaron nan? Ba hujja ba ce, jaruntakar ubansa ce da zaƙin busa. Ko da ya zamana yana da gaskiya, ba ta hanyar gaskiyar ya kuɓuta ba. In da ubansa ya yi yaƙi a ɓangaren Arewa fa? In da ɗan bawa ne, wanda ba wanda ya san sunan kakansa? Cobb bai tsaya kan wannan tambaya ba, nan kuwa rauninsa ya ke.

Game da iyalin alƙalin, a 1934 John Ford ya mai da labarun majigi, Will Rogers ya fito a matsayin Priest. A ciki matarsa da 'ya'yansa sun rasu, ya kan zauna da dare yana yi wa hoton matar hira. Ya kuma goyi bayan ɗan ɗan'uwansa da ke son auren wata yarinya wadda ba a san ubanta ba. Ga alama zai koya wa garin cewa hali ya fi asali. Amma ina! Ba a karɓi yarinyar hannu biyu ba sai da aka gane ubanta jarumin yaƙin Kudu ne. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Sauran mutanen gidansa baƙaƙe ne, Jeff baransa da Dilsey mai dafa masa abinci. Su ke riƙe da gidan, amma galibi don ban dariya a ke fito da su, sai ka ce ba su da nasu baƙin ciki.

Duk da haka kada mu ci zalin marubucin. Cikin The Mob from Massac taron fusatattu sun zo su kashe wani baƙar fata ba tare da shari'a ba, tsohon ya tare su shi kaɗai, ya hana. A nan ne ya cika alƙali, don ya tsaya wa wanda ba shi da kowa. An ɗauki irin wannan wuri a majigin 1934, masu kamfani suka yanke shi, sai a 1953 Ford ya maido da shi cikin The Sun Shines Bright.

Saboda haka ku karanta, ku yi dariya, ku koyi yadda a ke zana halin mutum da kalmomi kaɗan. Turancin da wuya, don Cobb ya rubuta shi yadda mutanen karkara ke furtawa, sai ku nemi taimakon malaminku. Waɗansunku za su zama alƙalai wata rana. In kun karanta, duk inda aka sallami wani ku tambayi kanku, shin hujja ce ta fishe shi, ko kuwa sunan ubansa?