Bitar Sasanci: Tsokaci Kan Hanyar Koyarwa

Tarurrukan bita da ake shirya wa limamai da masu unguwanni kan sasanta rikici suna da abin yabo: mahalarta kan kwaikwayi husuma a tsakaninsu, kowa ya koyi sauraro. Sai dai hanyar tana da naƙasu. Takan ɗauki masu jayayya tamkar laifinsu ɗaya, ta gaggauta su zuwa yafiya tun ba a tantance wanda aka cuta ba.

Fiƙihu bai tafi a kan haka ba. Aya ta 9 cikin Suratul Hujurat ta ɗaure sulhu da adalci. Ɗauki ɓarnar gona: hadisin taguwar Bara'u ɗan Azib, a cikin Muwaɗɗa, ya ɗora tsaron gona da rana a kan mai ita, lamunin ɓarnar dare kuma a kan mai dabba. Mai sasancin da bai san wannan ba, manomi zai tashi daga gabansa da murmushi a fuska, da ƙulli a zuci.

Don haka a buɗe darasi da mas'ala: wa ya yi ɓarnar, nawa ce, wa zai biya? Yafiya ta biyo baya, daga wanda ya san haƙƙinsa. Wallahu a'alam.