Begen Da a Garin Ma'adini: Nazari a Kan Fim Ɗin Amina Weira

1.0 Gabatarwa

Akwai wani nau'in fim da ya yawaita a Turai, wanda jigonsa shi ne begen ƙuruciya. A cikinsa akan ga babba yana tuna zaman da ya yi a gandun kakanninsa, da lambu, da hutu, da taron dangi, amma ba safai akan ba barorin da suka yi noman damar buɗe baki ba. Manufar wannan maƙala ita ce duba yadda wata ƴar Nijar, Amina Weira, ta ɗauki wannan jigo ta juya shi a cikin fim ɗinta na shekarar 2016, La Colère dans le vent, wato fushi cikin iska, da kuma abin da masu binciken harshe da ma'aikatan yaƙi da jahilci za su tsinta a ciki.

2.0 Gandun Kamfani

Garin Arlit, a arewacin Agadas, ɗan ma'adini ne. An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, aka fara fitar da yuraniyam a 1971. An kafa COMINAK a 1974, ya soma aiki a Akokan a 1978. Kamfanonin nan sun gina wa ma'aikatansu unguwanni masu ruwa da lantarki da asibiti, har aka riƙa yi wa garin kirari da Faris ta biyu. Ga yaron da ya tashi a irin wannan gida, unguwar kamfani ita ce gandunsa. A bayan unguwannin kuwa akwai waɗanda suka zo cin rani ba su sami aiki ba, a wurin da ake kira Bukkoki. Sunan kaɗai ya isa bayani. Da farashin yuraniyam ya faɗi a farkon shekarun 1980, sai wadatar ta soma janyewa.

3.0 Jigo da Salo

Fim ɗin na gaskiya ne, ba wasan kwaikwayo ba, tsawonsa minti 54. Mai shirya shi ƴar garin ce, mahaifinta kuma ya yi shekara 35 yana aikin ma'adini kafin ya yi ritaya. Shi ne ginshiƙin labarin, kuma ta hannunsa ta kai ga sauran tsofaffin ma'aikata.

A nan ƙarfin aikin yake. A al'adar Hausa ɗiya ba ta titsiye uba da tambaya, akwai kunya tsakani. Ga shi kuwa abin da ya ci da ita, ya tufatar da ita, ya kai ta makaranta, shi ne abin da ake tuhuma. Saboda haka begen da yake cikin fim ɗin bege ne mai ɗaci, domin daɗin jiya da cutar yau rami ɗaya suka fito. Ɗan jarida baƙo yana iya zuwa ya yi zargi ya koma. Wadda ta sha ruwan garin ba ta da wannan sauƙi, kuma shi ya sa shaidarta ta fi nauyi.

Guguwar yashi da take rufe Arlit a wani sashe na shekara ta zama alama mai harshen damo. Ido yana ganin ƙura, amma ba ya ganin abin da ƙurar ta ɗauko. Tun da abin tsoron ba ya ɗaukuwa a hoto, dabarar da ta rage ita ce a nuna abin da yake yawo da shi.

Ya kamata a gwama shi da Arlit, deuxième Paris na Idrissou Mora-Kpaï, ɗan ƙasar Binin, wanda ya fito a 2005. Wancan ya duba garin da idon baƙin da suka zo neman arziki suka ga ƙarewarsa. Na Amina Weira ya duba shi daga tsakar gida. Na farko ya fi faɗi, na biyu ya fi zurfi.

4.0 Matsalar Harshe

Raunin da yake tattare da aikin ya shafi waɗanda yake isa gare su. Sunansa na Faransanci ne, kuma sunan da ya yi a bukukuwan fina-finai na ƙetare ya yi shi. Matar da take girki da tukunyar da aka ƙera da tsohon ƙarfen kamfani ita ce ta fi kowa bukatar saƙon. Binciken CRIIRAD na 2003 da na Greenpeace na 2009 sun nuna gurɓatattun ƙarafa a kasuwar garin, amma rahotanninsu ba da harshen kasuwar aka rubuta su ba.

Har yanzu Hausa ba ta tsayar da kalma ɗaya ba ga abin da yuraniyam yake fitarwa. In an ce guba, mai sauraro zai zaci abin ci ne ko na sha kawai. In an ce iska, zai iya kai hankalinsa ga iskoki, ya nufi gidan mai magani. In an ce tururi, an kusa, sai dai tururi ana ganinsa. Wajibi ne a raba abu biyu: burɓushin da ake shaƙa ko a haɗiya, da kuma tururi marar ganuwa da yake fita daga jikin ƙarfe ko dutse, wanda wanki ba ya kawar da shi in ya zauna a cikin abin.

5.0 Kammalawa

An rufe COMINAK ranar 31 ga Maris 2021, gwamnatin Nijar kuma ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa a watan Yuni 2025. Masu kamfani sun sauya, tudun sharar ma'adini yana nan. Don haka ana ba da shawara uku. A rubuta maganganun tsofaffin ma'aikata yadda suka fito daga bakinsu, domin taska ce ta Hausar ma'adini da kalmomin aro daga Faransanci da Buzanci. A zaunar da masana harshe da likitoci da su ma'aikatan kansu su daidaita kalmomi. Sannan a shigar da waɗannan kalmomi cikin littattafan yaƙi da jahilci na Hausa da Buzanci da ake karantarwa da su a Arlit da Akokan.