Ludwig Richter da Hoton Tatsuniya a Littafin Jamus

A Jamus ta ƙarni na 19, hoton da ke cikin littafi aikin mutum biyu ne. Mai zane ya zana da fensir a kan ɗan guntun katako mai tauri da aka goge sumul. Masassaƙi ya karɓa, ya sa ƙarfe mai tsini ya ƙwaƙule duk inda fensir bai taɓa ba, ya bar layukan a tsaye. Daga nan a jera katakon cikin haruffan dalma, a shafa tawada, hoto da rubutu su fito a shafi ɗaya, bugu ɗaya. Zanen da ake yi a kan jan ƙarfe kuwa sai an buga shi daban, shi ya sa yake da tsada. Thomas Bewick na Ingila ne ya kyautata wannan dabara a ƙarshen ƙarni na 18, Jamusawa suka ɗauka, hoto ya yi arha har ya shiga gidan malamin makaranta da na tela.

Babu wanda ya ci moriyar wannan sana'a kamar Ludwig Richter, wanda aka haifa a Dresden a 1803. A hannun mahaifinsa, mai zane a kan jan ƙarfe, ya koyi aiki. Ya zauna a Italiya daga 1823 zuwa 1826, ya dawo ya koyar a makarantar zane ta masana'antar tangaran ta Meissen, zuciyarsa na can Italiya. Rashin lafiyar matarsa ya hana shi komawa, sai ya bi kogin Elbe ya shiga ƙasar Bohemiya, ya ga ashe abin da yake nema a nesa yana bayan gida. Zanensa na 1837, na masu fito a gindin dutsen Schreckenstein, daga wannan tafiya ya fito. Kwalekwale ne guda da almuru: tsoho na kaɗa garayar Turawa, saurayi da budurwa sun raɓi juna, matafiyi a tsaye ya ɗaga kai yana kallon kangon da ke kan dutse, yaro kuma ya tsoma reshe a ruwa yana wasa. Duk wanda ya san wannan zane ya san halin Richter: ƙuruciya da tsufa a wuri guda, kowa hankalinsa kwance.

Amma sunansa a littafi ya yi shi. Georg Wigand, mai buga littattafai a Leipzig, shi ya ja shi zuwa katako. Richter ya yi wa tatsuniyoyin Musäus hotuna a 1842, ya yi wa na Ludwig Bechstein a 1853, kuma kafin ciwon ido ya tsayar da shi a shekarun 1870 ya zana dubban hotunan katako. Ya fahimci abin da wuƙar masassaƙi za ta iya da wanda ba za ta iya ba, don haka ya riƙe layi tsaf, inuwa kaɗan, fili mai yawa. Adolph Menzel, da yake zana tarihin Sarki Frederick Babba wajen 1840, akasin haka ya yi: ya matsa wa masassaƙa lamba sai sun bi kowane karce na hannunsa, har duhun ɗaki da hasken kyandir. Richter ya sauƙaƙa musu, kuma sauƙin nan ne ya sa yaro ɗan shekara biyar ke iya karanta hotonsa kafin ya san baƙi.

A nan nake da magana da shi. Tatsuniyoyin Jamus, waɗanda Abubakar Imam ya ɗebo wasu daga tarin 'yan'uwan nan Grimm ya sa musu rigar Hausa a Magana Jari Ce, ba labaran jin daɗi ba ne. Labarin Hansel da Gretel na yunwa ne: iyaye sun rasa abin sawa a baka, suka kai 'ya'yansu daji suka watsar, mayya kuma na kiwon yaron don ta ci. A hannun Richter daji ya zama wurin shan iska, bukkar talaka ta zama abin sha'awa da hayaƙi na tashi a hankali, ga kare, ga kyanwa, ga tantabaru a kan rufi, yaran kuma kumatu cike. Mai ba da tatsuniya da baki yana da murya da duhun dare, yana iya sa gashin jikin yaro ya tashi. Hoto ya tsayar da dodo wuri ɗaya, ya ba shi iyaka, Richter kuma ya ƙara rage masa haƙora.

Ba a tatsuniya kaɗai ya kau da kai ba. Jirgin ƙasa ya haɗa Leipzig da garinsu a 1839. Masaƙan Silesiya sun yi bore saboda yunwa a 1844. A watan Mayu na 1849 an zubar da jini a titunan Dresden ɗin da yake zaune. Jamus ɗin da ke cikin hotunansa ba ta san wannan ba. Makiyaya ne da kakanni da 'yan yara masu addu'a kafin cin abinci. Menzel kuwa ya shiga masana'antar narka ƙarfe ya zana ma'aikata cikin wuta da gumi, ya gama a 1875.

Duk da haka ba na yarda da masu cewa Richter maƙaryaci ne. Mutum ne mai riƙon addini, abin da ya ɗauka shi ne daidai ya zana, kuma idonsa ga yara gaskiya ne: yadda ƙaramar yarinya ke kinkimar ƙaninta da ya kusa fin ƙarfinta, yadda yaro ke laɓewa bayan zanen uwarsa yana leƙen baƙo. Wannan sai wanda ya zauna ya kalla. Kasuwa ma ta yi nata aikin. Mai sayen littafin Wigand uba ne ko uwa masu neman kyautar Kirsimeti da za a karanta a falo a gaban kowa, kuma irin waɗannan ba za su biya kuɗi a kawo musu hoton yaro mai haƙarƙari a waje ba. Richter ya rasu a 1884, ana ta sake buga littafin Bechstein da hotunansa, har Jamusawa da yawa suka tashi suna ganin tatsuniyar kakanninsu da fuskar da shi ya ba ta.