Alƙalami da Rijiyar Mai: Sharhi a Kan Littattafai Biyu

Akwai littattafai guda biyu da ya kamata duk mai sha'awar yin rubutu a kan zalunci ya ajiye su gefe da gefe ya nazarta. Na farko shi ne A Month and a Day na marigayi Ken Saro-Wiwa, tsohon shugaban Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wanda aka buga a 1995. Na biyu kuwa ƙagaggen labari ne, Oil on Water na Helon Habila, ɗan Kaltungo, wanda ya fito a 2010. Jigonsu ɗaya ne, wato gwagwarmayar mutanen Neja Delta da kamfanonin haƙar mai, amma kowanne da hanyar da ya bi, kuma a nan darasinmu yake.

Tun 1958 kamfanin Shell ya fara haƙar mai a ƙasar Ogoni. Dokar Man Fetur ta 1969 ta mallaka wa gwamnatin tarayya duk man da ke ƙarƙashin ƙasa, Dokar Filaye ta 1978 kuma ta danƙa filaye a hannun gwamnoni. Saboda haka manomi da masunci suka wayi gari ba su da ta cewa a kan bututun da ya ratsa gonarsu ko man da ya malale a rafinsu. Wannan ne ya haifar da ƙungiyar MOSOP a 1990, da gagarumar zanga-zangar lumana ta 4 ga Janairun 1993, wadda kimanin mutum 300,000 suka fito.

Littafin Saro-Wiwa labarin tsare shi ne da aka yi na wata ɗaya da kwana ɗaya a 1993, amma ya yi amfani da damar ya warware tarihin gwagwarmayar baki ɗaya. Ƙarfinsa shi ne ba ya ɓoye-ɓoye: yana kama sunan kamfani, ya faɗi rana, ya kawo takarda. Kuma bai tsaya ga kuka ba, ya zo da mafita, domin ya shigar da kundin buƙatun Ogoni na 1990, inda suka nemi cin gashin kai a cikin Nijeriya, da kaso mai adalci daga arzikin ƙasarsu, da ikon kare muhallinsu da harsunansu. Sai dai wannan ƙarfi shi ne kuma rauninsa. Jawabai da takardu sun yi wa labarin nauyi, har mai karatu ya riƙa jin kamar a zauren taro yake. Ana ta ambaton talakan Ogoni, amma ba kasafai ake jin muryarsa ba.

Wannan giɓi ne Habila ya cike. Ya sa 'yan jarida biyu, matashi Rufus da tsohon hannu Zaq, cikin jirgin ruwa suna neman matar wani injiniya Bature da aka sace. A hanya muke ganin ƙauyukan da aka watse aka bari, da rijiyoyin da ke warin fetur. Inda littafin ya fi kai maƙura, a ganina, shi ne labarin da Cif Ibiram ya bayar na yadda kamfani ya zo sayen ƙauyensu. Cif Malabo ya ƙi, aka kama shi, ya mutu a tsare, wasu suka sayar da filayensu, wasu iyalai kuma suka ƙi karɓar kuɗin suka shiga yawon neman matsuguni. A nan marubucin ya nuna abin da jawabi ba ya iya nunawa: cewa ba kullum da bindiga ake ƙwace ƙasa ba, wani lokaci da kwaɗayi da tsoro ake raba kan 'yan uwa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To amma shi ma yana da abin dubawa. Zaren labarin a wuyan Baturiya aka ɗaura shi, alhali masu ƙasa su ne cikin uƙuba. Bugu da ƙari, kamfanin na can nesa, ba mu ga yadda ake ƙulla yarjejeniya da raba riba ba. Mafitar da ya nuna, wato tsibirin Irikefe inda masu bauta ke jinyar waɗanda tashin hankali ya ɗaiɗaita, mafaka ce kawai. Tana kwantar da zuciya, amma ba ta amsa tambayar wa zai mallaki man, wa kuma zai share dagwalon.

Tarihi dai ya gaskata su duka biyu. An rataye Saro-Wiwa da mutum takwas a Fatakwal ranar 10 ga Nuwamban 1995. A 2009 Shell ya biya iyalai dala miliyan 15.5 ba tare da amsa laifi ba. A 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta gano cewa gubar benzin da ke cikin ruwan sha a Nisisioken Ogale ta ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900, ta kuma ce gyaran ƙasar Ogoni zai ɗauki shekara 25 zuwa 30.

Kada marubucinmu ya ɗauka wannan jigo na mutanen kudu ne kaɗai. A 1980 an buɗe wa manoman Bakalori wuta saboda neman diyyar gonakin da aikin madatsar ruwa ya cinye, kuma tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit ta Jamhuriyar Nijar. Wanda zai taɓa irin wannan, sai ya haɗa abin da waɗannan marubuta biyu suka raba. Ya yi bincike irin na Saro-Wiwa, ya san doka, ya san inda kuɗi ke shiga da abin da jama'a suka nema a madadin halin da suke ciki. Sa'an nan ya zauna da masu abin ya saurare su, har tauraronsa ya zama mutum mai gona da iyali da bashi, ba lasifikar marubuci ba. Idan aka rasa na farko, labari ya zama kuka. Idan aka rasa na biyu, ya zama takardar koke. Allah Ya yi mana jagora.