Jinjina ga Masu Karanta Shekarun Duwatsu

A kwazazzabon Bottaccione, kusa da Gubbio a tsaunukan Italiya, duwatsun da ake takawa yau lakar ƙasan teku ce a da. Cikinsu maƙare yake da ɓawon halittun foraminifera, waɗanda ba su kai ƙwayar gero ba. Isabella Premoli Silva da Hanspeter Luterbacher sun bi su shimfiɗa bayan shimfiɗa, suka wallafa bincikensu a 1964.

Aikin sai mai haƙuri: a fere dutse har haske ya ratsa shi, a wuni sunkuye kan na'urar hangen ƙananan abubuwa. Ga abin da suka gani: ƙasan wata siririyar laka ɓawon manya ne iri-iri, samanta kuwa sai 'yan mitsi-mitsi. Lakar nan ita ce iyakar zamani ta shekaru miliyan 66 da suka wuce, lokacin da dinoso suka ƙare. A lakar nan tawagar masanin kimiyya Alvarez ta gano sinadarin iridiyam, shaidar faɗowar dutse daga sararin samaniya.