Jinjina ga Masu Binciken Ƙyauren Zuciya

An daɗe ana ɗauka cewa tsufa kawai ke taurara ƙyauren da ke bakin babbar jijiyar zuciya. Masu binciken ƙwayoyin jiki ne suka ƙi yarda, kuma wallahi sun cancanci a sara musu. Su suka nuna yadda kitse kan kutsa ƙarƙashin fatar ƙyauren, kumburi ya biyo baya, sai ƙwayoyin cikinsa su rikiɗe su kama aikin gina ƙashi, suna jibge kalsiyam har ƙyauren ya kasa buɗewa sosai. A 2005 tawagar Vidu Garg a Amurka ta danganta cutar da lahani a ƙwayar gado ta NOTCH1.

Aikin sai mai haƙuri. An gwada magungunan rage kitse, cutar ba ta tsaya ba, har yanzu sai dai a sauya ƙyauren.